Daga Rijiya Zuwa Gilashi: Tarihin Tsare Kifi a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Daga cikin dabbobin da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ɗan Adam kiwonsu, babu wadda sha'aninta ya kai na kifi wuyar ganewa, domin akuya idan ta ji yunwa takan yi kuka, kaza idan ba ta da lafiya takan saki fukafukai har uwargida ta lura, amma shi kifi ba shi da murya, kuma ruwan da yake numfashi a cikinsa shi ne wanda yake cin abinci a ciki, shi ne kuma dai wanda yake zubar da ƙazantarsa a ciki. Saboda haka duk wanda ya ɗebo kifi daga gulbi ya tsare shi a wani mazubi, ko ya sani ko bai sani ba, ya ɗora wa kansa aikin gulbi, wato sabunta ruwa, da kawo abinci, da kwashe dauɗa. Wannan mas'ala tana da dogon tarihi a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda kakanni suka tsare kifi a rijiya da kasko, aka zo zamanin iyaye hukuma ta tsare gulbin kansa da madatsar ruwa, yanzu kuma ga akwatin gilashi ya fara shiga ɗakunan 'ya'ya. Kuma wanda ya bi waɗannan matakai uku da natsuwa zai gane abin da yake kashe kifin yaro, da abin da ya wajaba a yi bayan ya mutu.

Gulbin Sakkwato yana tasowa daga tuddan ƙasar Funtuwa, ya ratsa ta Gusau, ya gangaro ta ƙasar Maradun, ya bi ta tsakanin gonakin Mafara da Bakura, sa'an nan ya haɗu da gulbin Rima a gefen birnin Sakkwato, su tafi tare ta Argungu har su zuba cikin Kwara. A zamanin magabata gulbi ne mai halaye biyu: da rani sai ya janye ya bar rairayi fari fat da 'yan gurabe masu zurfi nan da can, da damina kuwa, musamman cikin Agusta da Satumba, sai ya cika ya tumbatsa, ya haura gaɓa ya malale fadama, ya cika tafkunan da ke gefensa. Wannan ambaliya, wadda baƙo zai ɗauka musiba ce, ita ce uwar arzikin kwarin baki ɗaya, domin a kanta ake noman shinkafa, da laimar da ta bari ake noman rani, kuma a cikinta kifi yake hayayyafa. Da zarar sabon ruwa ya iso, sai tarwaɗa da ramboshi da gargaza da bargi da kurungu su bar tsakiyar gulbi su bazu cikin ciyawar da ruwa ya shanye, su zuba ƙwai a inda ruwa yake da ɗumi abinci kuma ya wadata, 'ya'yansu su girma cikin duhuwa inda tsage da giwan ruwa ba su iya cim musu da sauƙi. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara ja da baya, waɗansu su bi shi su koma gulbi, waɗansu kuma hanya ta yanke musu su saura a tafkuna da kududdufai.

A kan waɗannan da suka saura aka gina tsarin su na gargajiya. Garuruwan bakin gulbi suna da Sarkin Ruwa, wanda sarautarsa gado ce a gidan masunta, kuma mafi nauyin aikinsa shi ne hani: shi yake rufe gurbi ko tafki ya hana kowa jefa koma ko taru a ciki har kifi ya ƙosa, shi kuma yake sa ranar buɗewa, a yi shela a kasuwanni, masunta su hallara daga garuruwa da homa da gora, a faɗa ruwa lokaci guda. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, shi ne ya yi suna a duniya, amma asalinsa al'ada ce da ƙananan garuruwan gulbi suke yi a nasu gurabe ba tare da 'yan kallo daga nesa ba. A cikin wannan tsari mutum ba ya ciyar da kifi, ba ya canja masa ruwa, domin gulbi ya ɗauke masa duka. Abin da ya rage a wuyansa shi ne haƙuri da kamewa, kada ya kama kifi kafin lokacinsa, kada kuma ya ɓata ruwan da jama'a da dabbobi ke sha da guba irin ta majimfa.

Sai dai tun a wancan zamani akwai masu karɓe kifi daga hannun gulbi su riƙe shi da ransa, kuma mafi yawansu yara ne. Idan ruwa ya janye, yaran unguwannin bakin fadama sukan bi kududdufai da tsohon kwando ko tsumma, su kamo 'yan ƙananan kifaye su zuba a kasko ko fasasshiyar randa, daga baya da gwangwani da kwalba suka yawaita su koma zubawa a cikinsu, suna marmasa musu tuwo ko dusa, suna leƙawa safe da maraice. Manya ma suna da tasu al'adar, ta jefa 'yar tarwaɗa cikin rijiyar gida domin ta cinye tsutsotsi da ƙwarin da ke faɗawa ciki, har ta yi shekara da shekaru a can ƙasa; daga nan ne aka samo kiran wanda bai taɓa fita garinsu ba kifin rijiya. Abin lura shi ne bambancin ƙarshen kifayen nan biyu. Na rijiya yakan daɗe, na kasko kuwa da wuya ya kwana bakwai, sai yaro ya wayi gari ya tarar 'yan gargazarsa sun juya ciki sama, ya yi kukansa, a ce masa kwanansu ne ya ƙare, ya koma fadama ya kamo waɗansu, su ma su bi sawun na farko.

Kwana kam ya ƙare, babu mai musun wannan, amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sababin a nan bai ɓuya ba. Rijiya ruwa ne mai yawa ga kifi guda, sanyinsa daidai yake dare da rana, kuma kullum ana ɗiba ido yana mayar da sabo, wato ana canja wa kifin ruwa ba tare da an yi niyya ba. Bugu da ƙari, ita tarwaɗa an halitta mata wata gaɓa mai rassa a cikin kanta wadda take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take iya rayuwa a ruwan da wani kifi zai shaƙe a cikinsa. Gaiwa kuma ta fi ta, domin tana da huhu, idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta yi kwance har damina ta dawo. Gargaza ba a ba ta wannan baiwa ba. Dogaronta duka yana kan 'yar iskar da ta narke cikin ruwa, alhali ruwan kasko kaɗan ne, rana tana dafa shi, ruwa kuwa gwargwadon zafinsa gwargwadon raguwar iskar da yake riƙewa, sa'an nan ragowar tuwon da yaro ya zuba don ƙauna ta ruɓe ta cinye sauran. Ruwa ba ya tsami banza.

Malaman wannan ƙasa, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a cikinta yana karantarwa a Faru cikin shekarun da ya yi a Zamfara kafin jihadi, suna da asali biyu a hannunsu da suke auna irin wannan riƙo da su. Na farko labarin Abu Umairu ne, ɗan Abu Ɗalha da Ummu Sulaim, ƙanen Anas ɗan Malik ta wajen uwa, wanda yake da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake kiran yaron da alkunyarsa yana tambayarsa labarin tsuntsun. Ruwayoyin Ahmad da Abu Dawuda kuma suka bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, aka tarar da yaron cikin baƙin ciki, tambayar kuwa lallashi ce. Ibnul Ƙassi, wani malamin Shafi'iyya, ya ciro fa'idoji sittin daga wannan ɗan gajeren hadisi, Ibnu Hajar kuma ya kawo su cikin Fathul Bari, daga cikinsu akwai halaccin yaro ya yi wasa da tsuntsu, da halaccin tsare shi a keji, da halaccin iyaye su kashe dukiya kan abin da yaro zai yi wasa da shi na mubahi. Asali na biyu shi ne hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Idan aka haɗa su biyun hukunci ya fito sarari: tsarewa halal ce, amma bisa sharaɗin mai tsarewa ya tsaya da duk abin da ya yanke wa dabbar hanyar samu. Ga tsuntsu da kyanwa sharaɗin nan abinci ne da abin sha. Ga kifi kuwa har da ruwan da yake zaune a ciki.

Sanin yadda za a cika wannan sharaɗi ga kifi ya ɗauki 'yan Adam ƙarnuka. Mutanen Sin ne suka fara kiwon jan kifin nan na ado a tafkunan gidaje zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, daga baya zamanin daular Ming suka shigo da shi ɗaki cikin manyan tasoshin tangaran, kuma daga can ya isa Turai cikin ƙarni na 17. Turawa sun daɗe suna zuba shi a ƙananan tulunan gilashi yana mutuwa, daidai da yadda gargaza ke mutuwa a kaskon yaran fadama, har zuwa 1850, lokacin da wani masanin haɗa magunguna a Landan, Robert Warington, ya ba da labarin gwajin da ya yi: ya sa ƙananan kifaye biyu da ciyawar ruwa a babban gilashi, da ganyen da ya mutu ya fara gurɓata ruwan sai ya ƙara dodon koɗi su cinye shi, ruwa ya washe, kifaye suka rayu, domin ciyawa tana fitar da iskar da kifi ke buƙata, kifi kuma yana fitar da wadda ciyawa ke buƙata. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi na farko domin 'yan kallo a gidan namun daji na Landan, da taimakon Philip Henry Gosse. Sauran sirrin ya bayyana ne daga wajen masu binciken ƙasar noma: a 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka tabbatar cewa waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne suke juya amoniya, wato dafin da ke cikin ƙazantar dabba, zuwa sinadari mai sauƙin illa, kuma wajen 1890 Winogradsky, mutumin Rasha, ya ware su ya bayyana aikinsu. Waɗannan halittu suna nan maƙil a lakar fadama da bangon rijiya, sabon gwangwani kuwa ba shi da ko ɗaya.

Mutanen kwarin Sakkwato ba ta hanyar gilashi suka fara gamuwa da wannan darasi ba, ta hanyar madatsar ruwa ce. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a gina matsakaiciyar madatsa a yankin Talata Mafara, a bi abin sannu a hankali ba tare da an rushe tsarin noman da mutane suka gada ba. Amma da farin farkon shekarun 1970 ya auku, kuɗin man fetur kuma suka shigo, sai gwamnatin tarayya ta zaɓi babban aiki, ta danƙa shi ga kamfanin Impresit na Italiya. Aka gama madatsar Bakolori a 1978, tsawonta kilomita 5.5, tsayin tsakiyarta mita 48, tana riƙe da ruwa kubik mita miliyan 450, tafkinta ya shafe kimanin hekta 8,000 ya miƙa kilomita 19 zuwa sama, da nufin a shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Aka tashi dubban mutane daga Maradun da ƙauyukanta aka mayar da su sabon matsuguni a kan tudu, aka karɓe gonaki shekaru ana baje su ana haƙa magudanai, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa, har manoma suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A ƙarshen Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka yi asarar rayuka da har yau ake saɓani kan adadinsu, hukuma ta faɗi kaɗan, masu bincike suka kai su ɗaruruwa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Wannan musiba ta mutane an rubuta ta da yawa. Ta kifi kuwa a ɓoye ta auku, sai daga baya aka auna ta. W. M. Adams, wani masanin labarin ƙasa daga Ingila, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar yana tambayar manoma da masunta, ya buga sakamakon bincikensa a 1985, inda ya nuna cewa tun da aka datse gulbi ambaliya ta ragu a tsayi da faɗi da daɗewa, fadamun shinkafa da yawa suka koma na gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi kuma ya faɗi ƙwarai. Dalili kuwa shi ne wanda ya gabata: kifin wannan gulbi a fadama yake haihuwa, idan ruwa bai hau fadama ba, ko ya hau ya sauka kafin 'ya'ya su yi ƙwari, to zuriyar wannan shekara ta tafi. A sama da madatsar an sami sabon tafki mai kifi, gaskiya ne, amma ruwa ne mai zurfi wanda homa da gora ba su da aiki a cikinsa, sai mai kwalekwale da dogon raga. Hukuma ta karɓi aikin gulbi, ta tsaya da sashensa na ban ruwan gona, ta bar sashen da ya shafi kifi da masunta ba mai tsaya masa. Ba a nan kaɗai aka yi wannan kuskure ba, kuma ba mara gyaruwa ba ne, domin a madatsar Manantali ta ƙasar Mali an riƙa sakin ruwa da gangan a wasu shekaru domin a kwaikwayi ambaliyar kogin Senegal saboda manoman fadama da masunta.

Da kifin gulbi ya yi ƙaranci a nan da sauran wurare, sai kiwon kifi ya zama sana'a. An fara gwada shi a Arewa tun farkon shekarun 1950 a gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, aka kuma kafa cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa bayan gina madatsar Kainji a 1968, amma sai da aka ƙware a ƙyanƙyasar tarwaɗa da hannu kafin abin ya bazu, har ya zama mutum yana gina kwamin siminti ko ya kafa na tamfol a bayan gidansa, ya sayo 'ya'yan kifi da buhun abincinsu, ya kwashe bayan wata biyar ko shida. Ta wannan ƙofa ce maganar canjin ruwa da awon abinci ta shiga bakin mutane, kuma a bayanta akwatin gilashi ya biyo, daga otal-otal da ofisoshin manyan birane zuwa falon ma'aikata da 'yan kasuwa, har uba yakan dawo daga Kano ko Kaduna da jan kifi biyu cikin leda ya miƙa wa ɗansa tsaraba. Abin mamaki shi ne, yayin da muke sayen kifin Sin don ado, daga Legas ana fitar da namu zuwa Turai da Amurka don wannan buƙata, har gartsa da wasu ire-iren kurungu, waɗanda masunci ba ya kallonsu sau biyu, suna da masu nemansu a can da kuɗi mai tsoka.

To, idan kifin nan na tsaraba ya kamu da ciwo, mafi yawan lokaci ruwa ne ya fara rashin lafiya kafin shi. Sabon akwati ba shi da halittun nan masu cinye amoniya, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a jikin tsakuwa da soson matata, don haka wanda ya cika sabon gilashi da kifi rana ɗaya ya zaunar da su cikin dafin kansu. Ruwan famfo idan yana da kulorin yakan ƙona gaɓoɓin numfashin kifi, sai an bar ruwan a buɗe ya kwana. Ruwan rijiyar burtsatse kuma yakan fito da ƙarancin iska, shi ma yana son a bar shi ya huta. Yanayin ƙasarmu yana da nasa hannu a ciki, domin zafin Afrilu yana korar iska daga ruwa, sanyin hunturu a Disamba da Janairu yana raunana kifi cikin dare, ɗaukewar lantarki kuma tana tsayar da injin hura iska a lokacin da aka fi buƙatarsa. Kifin da ya raunana shi cuta take samu, kuma mafi shahararta ita ce mai fararen ɗigo, wadda wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya siffanta ƙwayarta a 1876: sai a ga jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da tsakuwa, ya tsuke fukafukai, ya daina ci. Ƙwayar tana ɓuya ƙarƙashin fata inda magani ba ya isa, in ta ƙoshi ta faɗo ƙasa ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito neman wani kifi, kuma a wannan fitowa kaɗai ake iya kashe su. Shi ya sa magani, ko na kanti ne ko gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita ga kifin da ke jure shi, ake ci gaba da shi kwana 10 zuwa 14 ko da ɗigon ya ɓace.

Idan ajali ya riga magani, aiki na farko shi ne a cire gawar nan take, domin ruɓewarta dafi ce ga na raye. Mushen kifi mai tsarki ne a wurin malamanmu na Malikiyya, amma tsarki daban lafiya daban, kifin da ciwo ya kashe ko ya sha magani ba a ci, ba a ba kyanwa ko kaji, ba a kuma jefa shi rijiya ko magudanar ban ruwa inda zai kai cuta ga wasu. A haƙa rami a binne shi, a wanke hannu. Daga nan sai a bambance sababi. In lalacewar ruwa ce, kuskure ne a kwashe komai a wanke tas, domin hakan yana kashe halittu masu amfani ya mayar da akwatin sabo. Abin yi shi ne a canja sulusin ruwa, a rage abinci zuwa abin da kifi zai cinye cikin minti biyu, a kuma lizimci canja rubu'in ruwa kowane mako. In kuwa cuta mai yaɗuwa ce ta share kifin duka, to a wanke akwati da tsakuwa da ruwan zafi da gishiri, kada sabulu ya kusance su, a shanya, a cika da ruwa a bar shi babu kifi mako biyu, domin ƙwayar ba ta rayuwa in ba ta sami jikin da za ta kama ba. Sabon kifi kuma a fara ajiye shi shi kaɗai a wani mazubi mako 2 zuwa 3 ana duba shi kafin a haɗa shi da wani. Yaron da zai koma kududdufi ko magudana ya kamo nasa, a tuna masa cewa tsargiya tana zaune a irin waɗannan ruwaye.

Saura shi mai kifin, wanda sau da yawa wannan ce mutuwa ta farko da ta taɓa shi a kusa. Manya sukan yi ɗayan biyu: ko su yi masa dariya su ce kifi ne fa, ga shi can tuli a kasuwar Talata, ko su ɓoye gawar su sayo wani mai kama da shi su ce barci ya yi. Labarin Abu Umairu ya rufe ƙofofin nan biyu, domin mafificin halitta bai raina baƙin cikin yaro a kan ɗan tsuntsu ba, bai kuma yi shiru a kan abin da ya faru ba, tambayarsa ya yi domin yaron ya sami bakin magana. Idan yaro ya ce, "Baba, ni na kashe shi?" amsar da ta haɗa gaskiya da tausayi ita ce a ce masa, "Kwanansa ne ya ƙare, ɗana, ba ka yi da gangan ba. Amma zo mu duba ruwan nan tare, mu ga abin da za mu gyara." A bar shi ya riƙe fartanya wajen binnewa, a bar shi ya wanke tsakuwa da hannunsa, kuma makonnin nan da akwati zai zauna babu kifi su ma suna da fa'ida a gare shi, domin a cikinsu zai koyi cewa rai ba kayan wasa ba ne da ake musanyawa da yamma in ya fashe da safe. Tawakkali da riƙon sababi, waɗanda malamai ke shan wahalar fahimtar da manya yadda suke tafiya tare, yaro ɗan shekara bakwai yakan gane su a gaban wannan gilashi.

Bilhasali, tarihin wannan kwari ya nuna cewa gwargwadon yadda mutum ya ƙara ƙarfin tsarewa, gwargwadon yadda nauyin da ke wuyansa yake ƙaruwa: Sarkin Ruwa haƙuri kawai aka nema gare shi, mai rijiya sa'a ta taimake shi, masu madatsa suka ɗauki abin da ba su lissafa ba, mai gilashi kuwa komai da komai yana hannunsa. Saboda haka ya kamata uba, kafin ya biya kuɗin kifin tsaraba ko ya sayo madadin wanda ya mutu, ya yi wa kansa hisabi: lita nawa mazubin yake ci, wa zai canja ruwa kowane mako idan ɗokin yaro ya kwanta, me zai faru daren da babu lantarki. Wanda ya sami amsa ya saya, halal ne, kuma tarbiyya ce. Wanda bai samu ba, kuma ya ga lalle sai yaro ya yi kiwo, to dabarar magabata tana nan ba ta tsufa ba: 'yar tarwaɗa guda a babbar randa a inuwa, a riƙa ɗiban ruwan ana ba shuka ana mayar da sabo, a kuma rufe bakin randar da raga, domin tarwaɗa takan yi tsalle ta fice.